Uwargida, Wa Zai Sa Miki Hannu A Asibiti?

A filinmu na yau za mu taɓa wata magana wadda na san da yawanku ba sa son a tayar da ita, amma ku daure ku karanta. Maganar ita ce ta takardar nan da malamin asibiti yakan miƙo ya ce a sa hannu kafin a yi wa mutum aiki, da kuma wata takardar da ya kamata ke da kanki ki rubuta ki ajiye tun kina da ƙoshin lafiya, don ta yi magana a madadinki ranar da ciwo ya rufe miki baki.

Na fi nufin ku matan kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin ku nisa ya fi cuta a wannan al'amari. Duk wadda ta taɓa bin hanyar nan ta sani. Daga Riruwai ko Doguwa sai an ratsa dajin Falgore kafin a iso Tudun Wada, daga nan a miƙe zuwa Kwanar Dangora a hau titin Zariya, sa'an nan a nufi birni. Akwai manyan asibitoci a Doguwa da Tudun Wada da Tiga, suna kuma iyakar ƙoƙarinsu, amma in ciwo ya fi ƙarfinsu sai su rubuta takarda su ce a wuce Kano, ko asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. To, wa ke bin mara lafiya a cikin motar? Galibi uwarta ce, ko yayarta, ko wata maƙwabciya, wani lokaci da ƙanin miji. Maigida fa? In rani ne wataƙila yana Legas ko Fatakwal wajen ci-rani. In damina ce yana can gonar masara ko fadamar shinkafa inda waya ba ta shiga, ko kuwa ya tsaya baya yana neman wanda zai sayi buhu biyu don a sami kuɗin magani.

Sai a isa asibiti likita ya duba ya ce ba makawa sai an yi fiɗa yanzu-yanzu. A kawo takarda, a ce wa zai sa hannu? Uwar ta ce ita ba ta da iko, tun da ta aurar da 'ya ta zama ta mijinta. Ƙanin miji ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyi ba, in wani abu ya faru me zai gaya wa yayansa? A yi ta buga waya a kashe. Ita kuwa mai ciwon tana kwance, jini yana zuba, ba wanda ya san abin da take so, domin ba a taɓa tambayarta ba. Likitoci sun tabbatar cewa zubar jini bayan haihuwa, in ya yi tsanani, yana iya kashe mace cikin awa biyu. Jijjiga ma ba ta jiran kowa. Kuma kada ku ɗauka haihuwa ce kaɗai. Haɗarin mota a kan titin Zariya, da shanyewar ɓarin jiki ga mai hawan jini, da suman mai ciwon suga, da saran maciji a gona, kowanne yana iya kwantar da mace ta kasa cewa i ko a'a.

Abin Da Doka Ta Ce

Bari in fara da abin da yawancinmu ba mu sani ba. A dokar ƙasar nan, mace babba mai hankalinta ita ke da ikon yarda ko ƙin a yi mata aiki, sa hannunta kuma ya isa. Neman miji da ake yi al'ada ce da gudun rigima, domin ma'aikatan asibiti sun sha ganin dangi sun zo daga baya suna tayar da jijiyar wuya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuwa akwai tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Sashe na 23 kuma ya ce wajibi ne a gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da ikon ƙi. Har wa yau sashen ya ce, in da hali, a yi bayanin da harshen da mutum yake ji, a kuma lura da zurfin karatunsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta fuskar addini ma an yi magana. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce izinin mara lafiya shi ake nema muddin baligi ne mai hankali, in ba haka ba sai na waliyyinsa, amma in rai yana cikin haɗari ana bukatar ceto na gaggawa, ba a tsayawa jiran izini.

To in haka ne, me ya sa ake jinkiri? Domin abin da ke cikin littafin doka daban, abin da ke faruwa a bakin ɗakin tiyata da ƙarfe biyun dare daban. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a duk faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 44 cikin ɗari ne kawai na matan aure suke da ta cewa a kan lafiyar jikinsu, ko su kaɗai ko tare da maigida. Sauran, galibinsu miji ke yanke musu. Macen da ba ta saba a tambaye ta ba ko a kan ciwon kai, ba ranar da aka miƙo mata takardar fiɗa za ta koyi cewa na yarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata shari'a da ya kamata ku ji labarinta. A 1991 wata mata ta kamu da ciwo bayan haihuwa, likitoci suka ce sai an yi mata ƙarin jini. Ita kuwa addininta ya hana, tana kuma ɗauke da takarda da ta sa wa hannu cewa ko ta fita hayyacinta kada a ƙara mata jini. Likitan da ta ƙare a hannunsa ya bi abin da ta rubuta, ta rasu. Hukumar ladabtar da likitoci ta hukunta shi, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 2001 ta wanke shi, ta ce babban mutum mai hankali yana da ikon zaɓar abin da za a yi wa jikinsa. Ni ban kawo wannan don wata ta ƙi ƙarin jini ba, Allah ya kiyaye, ƙarin jini ya ceci mata ba adadi. Na kawo shi ne don ku ga cewa takardar da mace ta rubuta tun da hankalinta tana da nauyi har a gaban manyan alƙalai. In takarda ta iya cewa kada a yi, ai ta fi iya cewa a yi, kada a jira kowa.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi Fama Da Ita

Irin wannan takarda a Amurka aka fara tsara ta. Wani lauya na birnin Shikago mai suna Luis Kutner ya kawo shawarar a 1969, Jihar Kalifoniya ta mai da ita doka a 1976, a 1990 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar da ta sa asibitoci su riƙa tambayar duk wanda aka kwantar ko yana da ita. Su abin da ya dame su shi ne na'urori. Mutum ya yi dogon suma shekara da shekaru, inji yana numfasa masa, dangi suna kotu suna jayayya a kan abin da da zai so. Mu namu ya sha bamban, domin mu sau da yawa neman a yi aikin muke, ba neman a daina ba. Amma tushen ɗaya ne: mutum ya faɗi abin da yake so, ya kuma naɗa wanda zai tsaya masa.

Abin mamaki, duk da dokar, mutane kaɗan ne suka cike takardar. Da aka bincika sai aka ga ashe lauyoyi ne suka rubuta ta da irin Turancinsu, wanda ko wanda ya gama sakandare sai ya yi gumi kafin ya fahimta. Wata likita a birnin San Faransisko mai suna Rebecca Sudore ta sake rubuta takardar yadda ɗan aji biyar na firamare zai karanta ya gane, da manyan baƙaƙe da gajerun jimloli da hotuna masu nuna abin da ake nufi. Ta gwada a kan mutum 205, wasu ta ba su tsohuwar, wasu sabuwar. A sakamakon da ta buga a 2007, bayan wata shida kusan 19 cikin ɗari na masu sabuwar sun cike tasu, masu tsohuwar kuwa kusan 8 ne. Ba a canza doka ba, ba a ba kowa ko kwabo ba, rubutu kawai aka sassauta.

A Indiya kuma wahalar ta wani gefe ta ɓullo. Kotun Ƙolinsu ta halatta takardar a 2018, amma ta ce sai an je gaban majistare ya sa hannu. Wa zai bar aikinsa ya je ya yini a kotu don takardar ciwon da bai zo ba? Kusan ba wanda ya yi. A watan Janairu na 2023 kotun da kanta ta janye wannan sharaɗi, ta ce shaidu biyu da hatimin lauyan shaida ko na babban ma'aikacin gwamnati sun isa.

To mu fa? Dokarmu ta 2014 ba ta tsara wani fom na musamman don wannan ba. Abin da muke da shi a asibitoci shi ne takardar yarda da aiki, ita kuma galibi da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe, wani lokaci an yi ta buga kwafi a kan kwafi har rubutun ya dushe. A miƙo wa tsohuwa daga Burji ko Kafin Maiyaki, a ce Baba dangwala nan. Ta dangwala, ba ta san ko gonarta ta sayar ba. Kuma kada a ga laifin mutanen Kano in suna ɗari-ɗari da takardar asibiti. Ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Maganin wannan tsoro kuwa shi ne takardar da mutum zai karanta da harshensa, ko a karanta masa ya ji kowace kalma.

Ra'ayina, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar kula da asibitoci su buga takarda mai shafi ɗaya tak, gaba Hausar boko, baya ajami, domin akwai dubban matan da ba su yi boko ba amma sun yi makarantar allo da Islamiyya, ajami ba ya ba su wuya. A yi ta da Hausar da ake yi a tsakar gida. A ce fiɗa, a ce ƙarin jini, a ce cire mahaifa, a ce wankin ƙoda, a ce injin numfashi. Kada a ɗauko Turancin likitoci a juya shi kalma-kalma a ce an fassara, irin wannan Hausar ta fi Turancin wuya. A sa ɗan hoto kusa da kowace tambaya, a bar fili babba na dangwale, a kuma riƙa ba da ita ranar awon ciki na farko tare da kati, lokacin da mace take zaune lafiya tana iya tambaya, tana iya kai ta gida ta nuna wa maigida. Wannan ba gini ba ne balle a ce ba kuɗi a kasafi, takarda ce da tawada.

An ma taɓa gwada wani abu mai kama da haka kusa da mu. Wani shirin kula da lafiyar mata da ƙananan yara da aka gudanar a jihohin Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara wajen 2009 zuwa 2013, da taimakon Ingila da Norway, ya riƙa bin ƙauyuka yana roƙon magidanta su ba matansu izini na dindindin, watau in ciwo ya tashi mace ta tafi asibiti ko maigida yana nan ko ba ya nan. Da aka yi wa maza bayani a majalisarsu, ta bakin limamai da masu unguwanni, da yawa sun yarda. Ashe yawancinsu ba mugunta ce ta hana su ba, ba a dai taɓa zaunar da su an yi maganar ba.

Ki Rubuta Taki

Kafin hukuma ta buga tata, ba abin da ya hana ki rubuta taki. Ki yago falle ɗaya daga littafin makarantar 'yarki. Abu mafi muhimmanci a cikinta, wanda ya fi duk sauran, shi ne sunan wanda zai tsaya miki. Galibi maigida ne na farko, haka ya dace. Amma dole ki sa na biyu, har na uku in da hali, domin duk wahalar daga rashin maigida a wurin take tasowa. Ki zaɓi wanda yake zaune a gari, ba matafiyi ba, wanda wayarsa take shiga, wanda ba ya rikicewa in ya ga jini, wanda kuma zai faɗi abin da kika ce ko da shi ba haka yake so ba. Wata yayarta ce, wata ƙanin mahaifinta, wata babban ɗanta. Na san gidajen da uwargida ce ta fi kowa dacewa ta tsaya wa amarya, na kuma san gidajen da ko kusa ba za a yi haka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda duk kika zaɓa, ki gaya masa baki da baki ya amsa, kada ya fara ji a bakin nas.

Ga misalin yadda za ta kasance, kowa ta gyara daidai da halinta:

"Ni wance 'yar wane, matar wane, ta unguwa kaza a garin kaza, na rubuta wannan ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Idan ciwo ko haihuwa ko haɗari ya sa na kasa magana, mijina wane shi zai yi magana a madadina, ga lambar wayarsa. In ba a same shi nan take ba, yayata wance ta sa hannu, ga lambarta, kada a jira. Na yarda a kai ni kowane asibiti. Na yarda a yi mini fiɗa in likita ya ga ita ce za ta ceci raina ko na abin da ke cikina. Na yarda a ƙara mini jini. In jini ya ƙi tsayawa har likita ya ga ba mafita sai an cire mahaifa, na yarda. Ina da hawan jini, ina shan magani kaza. An taɓa yi mini fiɗa a haihuwata ta uku. Allura kaza ba ta karɓe ni ba."

A ƙasa ki sa kwanan wata, ki sa hannu ko ki dangwala, maigida ya rubuta cewa ya ji ya yarda shi ma ya sa hannu, sa'an nan shaidu biyu manya, in an sami liman ko mai unguwa ya fi. In wani ne ya rubuta miki, ya sa sunansa ya kuma rubuta cewa ya karanta miki da Hausa kin ce haka ne.

Maganar cire mahaifa ki tsaya ki yi tunani a kanta sosai, ku tattauna da maigida, ki tambayi ungozomar asibiti, domin aiki ne da ba a komawa baya, daga shi ba sauran haihuwa. Likita ba ya kai wa nan sai ya gwada sauran dabaru sun ƙi. Amma ita ce tambayar da ta fi tsayar da dangi cirko-cirko, kowa yana tsoron a ce shi ya yanke wa wane zuriya, alhali mai mahaifar da za a tambaye ta wataƙila cewa za ta yi a cire a bar ni in rene waɗanda na haifa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Iyayenmu tsofaffi kuma tasu takardar ta ɗan bambanta. Tsohuwar da ciwon daji ko ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta, likitoci suka ce magani ya ƙare sai dai rage zafi, tana da ikon cewa ita a mai da ita gida cikin jikokinta, a ba ta maganin zafi, a riƙa yi mata karatu, kada a yi ta yawo da ita daga wannan asibiti zuwa wancan har a sayar da gonar marayu. Wata kuma cewa za ta yi a gwada duk abin da za a iya. Kowacce da gaskiyarta, amma in ba ta faɗa ba, 'ya'ya ne za su rabu biyu, na birni ya ce a tafi, na gida ya ce a bari, gaba ta ɗore har bayan an yi sadakar arba'in. Ku lura da kyau, wannan takarda ba ta ba kowa izinin gaggauta mutuwar mutum. Wannan haramun ne a addini, laifi ne kuma a doka, ba likitan da zai yi shi don an rubuta.

Na san abin da wata za ta ce: wannan ai mugun fata ne, mutum da ransa da lafiyarsa ya zauna yana rubuta ranar suma? 'Yar uwa, wasiyya ba baƙuwarmu ba ce. Malamai kullum suna kwaɗaitar da mu rubuta ta, mu faɗi bashin da ake bin mu da wanda muke bi, ba wanda ya ce yin haka yana jawo ajali. Mai ciki tana tanadin itacen wankan jego da zannuwan goyo tun wata bakwai, ba a ce ta yi wa Allah shisshigi ba. Wannan ma tanadi ne.

Wata kuma za ta ce maigida zai ga kamar raini ne, kamar ana so a ƙwace masa iko. Wannan ya danganta da yadda kika kawo maganar. Kada ki tare shi da takarda a hannu yana shigowa daga gona. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, Malam, ka ga tafiyarka ta kusa, ni kuma ga halin da nake ciki, in abu ya taso ba ka nan wa ka yarda ya tsaya a madadinka? Kin ga shi kika ba zaɓi. Namijin kirki zai ji daɗi ma, domin an sauke masa fargabar a ce matarsa ta rasu ana jiran sa. In ya nuna shakka, ki roƙe shi ku je awo tare ya ji daga bakin ma'aikaciya, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye muku ba: wannan takarda ba umarnin kotu ba ce. Asibiti zai iya kawo tasa takardar ya ce a sa hannu, likita kuma zai yi aiki da iliminsa. In kina cikin hayyacinki, bakinki ya fi takardar, kina iya canza ra'ayi a kowane lokaci. Amfaninta shi ne, yayarki ba za ta ƙara cewa ba ni da iko ba, ƙanin miji ba zai ji tsoron yayansa ba tun da ga sa hannun yayan, likita kuma ya sami abin dogara.

Ku kuma 'yan makaranta, 'yan sakandaren Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ga inda karatunku zai yi rana tun kafin ku karɓi takardar shaida. Ku ne za ku zauna da Inna da Goggo da Iya ku rubuta musu. Amma ku kiyaye abu biyu. Ki rubuta abin da ta faɗa, kada ki sa abin da ke kike ganin ya fi, ko da kin ɗauka kin fi ta sani. In kin gama ki karanta mata daga farko har ƙarshe a hankali, ki tsaya a kowace jimla ta ce i. Na biyu, abin da kika ji na ciwon mahaifiyarki amana ne, ba labarin da za ki kai wa ƙawaye a bakin famfo ba ne. Wadda ba ta kai shekara 18 ba ta rubuta, amma shaida a bar wa manya. In kuma kin raka wata asibiti aka miƙo takardar Turanci, kada kunya ta hana ki cewa, don Allah Malama a yi mana bayani da Hausa. Sashe na 23 da na ambata ɗazu saboda ku aka yi shi.

Sauran magana ita ce wurin ajiya, domin takardar da ke ƙasan adaka an kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanen mai suma, ba ta da amfani. A yi kwafi uku. Ɗaya ki naɗe a leda tare da katin awo ko katin asibiti, a cikin jakar da kika haɗa kayan haihuwa. Ɗaya a hannun wanda kika naɗa na biyu. Ɗaya ki kai wa ma'aikaciyar da ke duba ki ta karanta, ki roƙe ta ta maƙala a fayil ɗinki, in ta ga gyara ta faɗa miki. Mai babbar waya a gidan ya ɗauki hotonta, har a tura wa maigida can inda yake. Duk sabon ciki a sake dubawa, haka in lambar waya ta canza, ko wanda kika naɗa ya ƙaura ko ya rasu, ko aure ya mutu aka yi wani. In kin sake sabuwa ki karɓo tsofaffin ki yage, kada a zo ana riƙe da takarda biyu masu suna daban-daban.

Wadda ta zauna rubuta tata ta ci karo da wata kalmar asibiti da ta rasa yadda za ta faɗe ta da Hausa, ko ma'aikaciyar lafiya da take da wata dabara da ta gwada a garinsu, ta rubuto wa wannan fili, za mu kai tambayar ga likita mu buga amsar.